Aikin jardan: sana'ar riƙewa ce ko wurin jira kafin a samu wani abu?

Ramatu (Wadata, Tawa): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Bana na samu bak, shaidar kammala sakandare. Wata makarantar kuɗi a nan cikin gari ta ce in zo in riƙe mata ajin ƙananan yara idan an koma lakwal. Ni har ga Allah ina son aikin yara, amma Baba ya ce bai ɗauki nauyin karatuna shekara 13 ba don in ƙare da sharce majinar ɗiyan mutane. To ina tambaya: aikin jardan, wato ajin yara kafin firamare, yana da gaba? Ta wace ƙofa ake shigarsa? Kuma masu yinsa suna da wata ƙungiya da ke tsaya masu?

Madam Hajara (Sabon Gari): Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki gaida Baban naki, ki ce masa majinar gaskiya ce, muna sharce ta, ba ma kuma jin kunya. Amma ba nan aikin ya tsaya ba. Na daɗe ina riƙe da aji a jardan na gwamnati. A makon farko na Oktoba za ki ga yaro ya rungume ƙofa yana kuka har muryarsa ta dishe, wani ya ɓuya ƙarƙashin tebur, wata ta ƙi cire takalmi saboda tsoron kada a ɗauke mata. Kafin hutun Disamba, su ɗin nan ne za su shigo da sallama, su jera takalmansu, su wanke hannu kafin cin abinci, su jira layi ba doke-doke. Ba haka kawai abin ke faruwa ba, akwai tsarin da ake bi. Kafin yaro ya riƙe alli daidai sai ya yayyaga takarda, ya mulmula laka, ya zura duwatsun wuya a zare, don yatsunsa su yi ƙwari. Kafin ya rubuta 3 sai ya ƙirga marfin kwalba uku da hannunsa. Wanda bai koyi aikin ba zai cika allo da baƙaƙe ya sa yara su yi ta maimaitawa da ƙarfi, iyaye su ji daga waje su ce makaranta na aiki.

Akwai wani yaro da na lura duk lokacin da na kira shi daga baya ba ya juyowa, sai in yana kallon bakina. A gida an riga an sa masa suna mai taurin kai. Na zagaya bayansa na tafa hannu, ko gezau. Na kira uwar na ce ta kai shi likita, aka tarar kunnuwansa ne ke ciwo tun da daɗewa. Da ba a gano ba, da haka zai shiga CI, ajin farko na firamare, ana dukansa kan laifin da ba nasa ba.

Ramatu: Allah sarki. Inna, to ta ina kika shiga?

Madam Hajara: Ta makarantar horon malamai. Ga Kaocen nan a Tawa, ba sai kin bar gari ba. Akwai Askia Mohamed a Damagaram, Bawa Jan Gwarzo a Maraɗi, Mali Bero a Doso. Ki sa kunne kan ranar konkur, wato jarrabawar shiga, ki ajiye takardunki. In kin fito da shaidarki, yawanci da kwantaragi ake farawa kafin a samu lambar matirkil ta cikakken ma'aikacin gwamnati. Kuma ki sani dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta sa jardan cikin ilimin tushe, tare da firamare da kwaleji. Malamar jardan ta gwamnati malama ce kamar kowa, albashinta ba ya bin tsawon ɗalibanta.

Mushe Abdu: Madam ta faɗi gaskiya, amma bari in taɓo wajen da ke da zafi. Ramatu, makarantar da ta kira ki, ta ba ki takarda a rubuce? An faɗi nawa za a biya ki? Wata 9 ko wata 12?

Ramatu: Sun ce in fara tukuna, daga baya za a yi maganar kuɗi.

Mushe Abdu: To nan gizo ke saƙa. Kada ki taka ajin nan sai da takarda. Tun Janairun 2024 albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jika 42 ne, amma na san ƴan mata da ke riƙe aji cike da yara kan abin da bai kai haka ba, kuma da hutu ya zo sai a ce sai Oktoba. Ba a rubuta su a CNSS, asusun kula da ma'aikata, ba, in sun haihu ba hutu, in an kore su ba inda za su kai ƙara, don ko wurin sufeton ƙwadago suka je, abin da zai fara tambaya shi ne shaidar aiki. Mu na gwamnati muna da sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, akwai SNEN, akwai SYNACEB da ta fito daga gwagwarmayar ƴan kwantaragi, in an taɓa ɗaya sai a ji muryar sauran. Su kuwa na makarantun kuɗi kowace ita kaɗai ce da mai makaranta.

Hajiya Umma (mai makaranta): Malam Abdu, kada ka yi mana kuɗin goro. Ni ma da alli na fara kafin in buɗe tawa. Ka zo ka zauna ofishina ƙarshen wata ka gani. Rabin iyayen yarana mazajensu na Abijan ko Libiya, uwa za ta zo ta ce Hajiya a yi haƙuri Alhaji bai aiko ba tukuna. In kori yaro ɗan shekara huɗu saboda ubansa bai aiko ba? Ga haya, ga ruwa, ga wuta, ga mai gadi. Duk da haka malamaina suna da takarda, kuma ina biyan su da hutu, ko da sai na ranta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in ɗauki yarinya ba ta san komai ba, in koya mata shekara biyu, ranar da ta goge sai ta ci konkur ko wani furoje ya ɗauke ta, in koma neman sabuwa.

Mushe Abdu: Hajiya, Allah ya saka maki, ba da ke nake ba. Amma tafiyar tasu ai amsa ce. Wanda aka biya da kyau ba ya gudu.

Hajiya Umma: Ba zan iya biyan abin da furoje ke biya ba, ko da na sayar da makarantar. Wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Malam Sani (Konni): Ni fa ina da ja a kan abin gaba ɗaya. Mu da muka tashi, ɗan shekara huɗu yana wajen uwarsa, da hantsi ya tafi makarantar allo, kuma mun zama mutane. Yanzu a ɗauki yaro bai gama iya harshen uwarsa ba a kai shi ana yi masa waƙar Faransanci da bai san ma'anarta ba. Ban ga abin da za a kira sana'a a nan ba, kasuwanci dai na gani.

Madam Hajara: Malam, rabin maganarka ina tare da kai. Jardan da ke cusa wa yaro Faransanci tun ranar farko ba ya yi masa adalci. A ajina da Hausa muke gatana, da Hausa muke ƙirga, in akwai ɗan Buzu ko ɗan Fulani ina neman kalmomin gaisuwa da na buƙata a harshensa don kada ya ji an ware shi. Faransanci yana shigowa sannu a hankali. Ƙasar nan ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma kundin tafiyar da mulki da aka kafa a 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, saboda haka ba baƙon abu muke yi ba. Makarantar allo kuwa ba wanda ya hana, yarana da yawa da marece can suke. Amma ka tambayi duk malamin CI, zai gaya maka tun makon farko yana gane wanda ya bi ta jardan da wanda ranar ce ya fara ganin aji.

Malam Sani: In dai da harshen gida ne, to da sauƙi. Amma nawa ne ke yi kamar ke?

Madam Hajara: Kaɗan. Shi ya sa muke son masu bak irin su Ramatu su shigo da horo.

Zali (wani ƙauye a ƙasar Keita): Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban kai ku karatu ba, a aji uku na kwaleji na tsaya. Ni ke riƙe da jardan na al'umma a garinmu. Mutanen gari ne suka zaɓe ni, aka yi mana horo na ƴan kwanaki lokacin da wata ƙungiya ke tallafawa, aka ba mu tabarmi da akwatin kayan wasa. Da aikinsu ya ƙare sai aka ce kwamitin makaranta da iyaye su riƙa biyana. Da kaka wasu na kawo tiyar hatsi, wasu albasa, da rani shiru. Kayan wasan sun lalace, yanzu da kara da gwangwani da tsumma nake yi masu motoci da ƴar tsana. Ban bari ba saboda iyaye mata suna samun zuwa rijiya da gona hankali kwance, kuma yayyen yaran mata ba a hana su lakwal don goyo. Abin da nake son sani, mu irinmu muna cikin lissafi kuwa? Akwai wata takarda da za a ba mu da ke nuna mun iya aikin?

Hajiya Umma: Zali, wallahi maganarki ta taɓa ni. Ki turo mini saƙo a gefe, ina da littattafan hoto da alluna da ba ma amfani da su.

Mushe Abdu: Zali, ki riƙe duk takardar shaidar horo da aka taɓa ba ki, ko ta kwana uku ce. Ki sa shugaban kwamitin makaranta da darakta su rubuta maki shaidar shekarun da kika yi, da sa hannu da hatimi. Kuma duk lokacin da malamai za su yi taron ƙara wa juna sani na CAPED na yankinku, ki roƙi darakta ya tafi da ke, ko a bayan aji ki zauna.

Nana (Yamai): Na daɗe ina karanta ku shiru. Ramatu ƙanwata, kada ki ɗauka ƙofar guda ce. Ni da ajin jardan na fara, yanzu ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta. Wanda ya san ƙananan yara da gaske ana nemansa a wurare da yawa. A wuraren da ake tara ɗiyan ƴan gudun hijira su yi wasa su samu natsuwa, kamar can arewacin jiharku wajen Tilliya, masu wannan ilimin ake buƙata. A cibiyoyin kula da yara masu tamowa, bayan madara da magani akwai aikin motsa yaro da wasa da koya wa uwa yadda za ta riƙa yi masa magana. Akwai koyar da yara masu buƙata ta musamman, makafi da kurame, inda masu horo suka yi ƙaranci ƙwarai. Ga ƙungiyar SOS mai kula da marayu tana da ƙauyen yara nan Tawa, ga UNICEF da Plan da Save the Children da ke aiki da abokan hulɗa na gida. Sannan akwai gidajen renon jarirai da ke ƙaruwa nan Yamai saboda mata ma'aikata.

In kuma karatu kike so ki zurfafa, Jami'ar Djibo Hamani da ke garinku tana da tsangayar ilimin koyarwa, nan Yamai kuma akwai ENS, babbar makarantar horon malamai, a Jami'ar Abdou Moumouni. Ta irin waɗannan hanyoyi ake zama mai ba malamai shawara, ko sufeto, ko mai horar da malamai, ko mai rubuta littattafan yara. Amma shawarata, ko ina za ki ƙare, ki fara da aji. Na ga masu digiri da ke tsara wa jardan manhaja alhali ba su taɓa wuni da yara talatin a ɗaki ɗaya ba, kuma ana ganewa a abin da suka rubuta.

Abu ɗaya da zan gargaɗe ki: aikin furoje na da wa'adi. Yau akwai, in mai ba da kuɗi ya janye shi ke nan. Zali shaida ce.

Isufu (ɗalibi): Yaya Nana, namiji fa? Ni ina so, amma abokaina dariya suke yi.

Nana: Ka shigo. Yara maza na buƙatar ganin namiji mai haƙuri da ba ya daka tsawa. Sai dai ka san wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari, saboda haka ka yi aiki ƙofa a buɗe, kuma abin da ya shafi kai yaro bayi ka bar wa mataimakiya.

Ramatu: Na gode ƙwarai. Saura tambayata ta uku. Na ji maganar sandika, amma ƙungiyar masu aikin ƙananan yara su kaɗai fa?

Nana: A duniya akwai su. OMEP, ƙungiyar duniya ta ilimin ƙananan yara, an kafa ta a 1948 a birnin Prague, tana da kwamitoci a ƙasashe da dama. A Afirka akwai AfECN, gamayyar masu aikin ƙananan yara, mai mazauni a Nairobi. A Nuwamban 2022 UNESCO ta yi babban taro a Tashkent kan kula da ilimin ƙananan yara, inda ƙasashe suka amince su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin da ke gaban firamare. Muradun ci gaba na 2030 ma sun ce kowane yaro ya samu wannan matakin. Kuma tun 2014 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan haƙƙin masu wannan aikin, daga albashi har yawan yaran da ya dace malama ɗaya ta riƙe. Nan gida kuma akwai gamayyar ASO-EPT da ke fafutukar ilimi ga kowa.

Malam Sani: Duk waɗannan sunaye, wanne ne ya san da Zali?

Nana: Babu, Malam. Kuma ba za su sani ba in ba mu haɗu mun kai masu sunanta ba. Su da ƙungiyoyi suke magana, ba da mutum ɗaya ba.

Mushe Abdu: To ai sandika na nan. Me ya sa za a ƙara rarraba kai? Yawan ƙungiyoyi ne ya raunana malamai a ƙasar nan. Ku shigo ciki ku nemi a ba ku sashe.

Madam Hajara: Malam Abdu, ina da katin sandika tun kafin a haifi Ramatu, kuma ba zan ajiye shi ba. Amma ka faɗi tsakaninka da Allah, a taro nawa ka ji an tashi an yi maganar yawan yara a ajin jardan, ko ƙaramin bayi daidai tsayinsu, ko rashin mataimakiya? Maganar albashi, matirkil da canjin wurin aiki ce ke cinye lokaci, kuma da haƙƙinta. Mu ƴan kaɗan ne a ciki, muryarmu na nutsewa. Ka tuna 13 ga Afrilun 2021, gobarar makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kusan 20 suka rasu a azuzuwan zana, mafi yawansu ƴan jardan. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, sannan gwamnati ta hana sa ƴan jardan a ajin zana. Duk wadda ta taɓa riƙe ƙananan yara ta san in sun firgita ba ƙofa suke nufa ba, wuri guda suke curewa ko su riƙe zanen malama. Mun san haka tun kafin gobarar, amma ba mu da bakin da za mu faɗa a ji. Har yau in na shiga aji, ƙofa nake fara dubawa, in tabbatar ba a jibge takalma da jakunkuna a bakinta ba.

Hajiya Umma: Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri.

Zali: Amin. Mu har yanzu ƙarƙashin rumfa muke, sai dai na sa an buɗe ta gefe biyu.

Mushe Abdu: Amin. Na ji ki Madam, ban da amsa kan wannan. Amma ina nan kan bakana cewa maganar albashin na makarantun kuɗi sai da sandika, don ita doka ta ba ikon zama da mai aiki. Ƙungiyar da za ki tara mai makaranta da ma'aikaciyarta a ciki ba za ta iya wannan ba.

Madam Hajara: Ba aikinta ba ne dama. Kowace da nata. Abin da nake gani shi ne wurin da ni da Zali da malaman Hajiya za mu zauna kan tabarma guda, mu koya wa juna yadda ake haɗa kayan wasa da abin da ke hannu, mu tattara gatana da waƙoƙin yara na Hausa da Tamajaq da Fulatanci mu rubuta su, mu koyi taimakon farko, mu san alamun da ke nuna yaro na buƙatar likita. In mun yi ƙarfi, mu je wurin sufeton jardan da murya ɗaya kan maganar shaidar aiki ga irin su Zali.

Hajiya Umma: In za a yi, ga filin makarantata ranar Asabar, kyauta. Amma da sharaɗi, kada a mayar da shi wurin zagin masu makarantu.

Mushe Abdu: Kuma kada a mayar da shi wurin hana ma'aikata faɗin abin da ke damunsu saboda a gidanki ake.

Hajiya Umma: To a riƙa zagayawa, wannan wata wurina, wata mai zuwa jardan na gwamnati.

Nana: Ku fara zama tukuna kafin maganar shugaba da ma'aji. In abin ya kama ƙasa, sai a rubuta dokokin ƙungiya, a yi taron kafawa, a kai takardu wurin hukuma bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984. Zan turo maku samfurin yadda ake tsara su. Kuma ku sa kuɗin motar waɗanda za su zo daga ƙauye cikin lissafi tun farko, in ba haka ba ƴan birni kaɗai za ku tara.

Ramatu: Na nuna wa Baba saƙonninku. Ya yi shiru a kan na Inna Hajara, sannan ya ce konkur ɗin Kaocen ya yarda, makarantar kuɗin kuwa sai ya ga takarda da idonsa. Gobe zan koma wurinsu in tambaya. Inna, kafin nan za ki bar ni in zo ajinki in zauna in ga yadda ake yi?

Madam Hajara: Sai na nemi izinin darakta, amma ba na jin zai hana. Ki zo da zane da takalmin da za ki iya durƙusawa da su, kuma ki fara tara mini marafan kwalba. Zali, wace rana motar kasuwarku ke shigowa Tawa? Mu sa zaman farko ya dace da ita.